Daren Farin Wata a Mfangano

Idan wata ya cika, ƙananan kifi ba sa kula fitila,
sai kwale-kwale su kwana a kife bisa yashi,
mu kuma mu kafa tanti bayan rumfar awo
inda ƙarni ya riga mu zama.
Tebur ɗaya, kujera uku, ɗayar gurguwa.
Nas Apondi da akwatin sanyinta,
ni da littafin sunaye
da kwalin kwaroron roba
da yara ke sata su hura balan-balan.

Mata ke fara zuwa, hannu duk ɓamɓaroki.
Wannan awon ciki, waccan maganin wata uku,
wata ta raɗa mini cewa fitsari na yi mata zafi,
kada mijinta ya ji.
Na ce zai ji, ’yar uwa, don allurar ta mutum biyu ce,
in ba haka ba rijiya ɗaya za ku koma.

Maza sai dare ya raba.
Suna zuwa kamar masu neman akuyar da ta ɓata,
su leƙa, su yi tari, su tambayi ƙarfe nawa.

A daren nan Ojwang ya shigo.
Na san tafiyarsa tun kafin fitila ta san fuskarsa.
Shekara goma sha uku ke nan,
mako guda da binne Okoth nawa,
na miƙa masa shayi a rumfata,
ya dubi kofin, ya dube ni,
ya tuntsurar da shi a ƙasa da gefen ƙafa.
Ƙasa ta shanye. Ni ban shanye ba.

Yanzu ga shi, wuya ya fita daga riga,
yana murza hula kamar zai matse ruwa.
Kifi na ganinka, mai jar koma,
na faɗa a zuci, ban bari ta kai baki ba.
Na ce zauna, ba waccan ba, gurguwa ce.

Apondi ta soki yatsa.
Ɗigo ɗaya.
Mutumin da ya sha kokawa da igiyar ruwa da tsakar dare
ya kasa kallon ɗan tsinken roba a kan tebur.
Minti goma sha biyar ba su da yawa,
sai ga mai jiran su.
Tafki na ta lasar gaɓa. Wani rediyo na ihun ƙwallo.

Layi biyu.

Ya ce, to, shi ke nan, a sayar da taru.
Na buɗe jakata na ajiye kwalbata kusa da hannunsa,
na girgiza ta, ya ji ƙararta.
Ƙwaya ɗaya, in ji ni, kullum bayan tuwon dare.
Da ita na yi rufin kwano.
Da ita na haifi Awuor, cikin da Okoth ya bari,
aka gwada ta, aka sake, jininta fes,
ga ta can tana faɗa da lissafi a aji bakwai.
Ni kuwa an auna nawa a Mbita,
na’ura ta nemi cutar har ta gaji.
Tana nan, amma an ɗaure mata baki.

Ya daɗe yana kallon kwalbar.
Sannan ya ce, matata fa?
Na ce kawo ta jibi, akwai na mai shi, akwai na kare marar shi,
ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Apondi ta buɗe masa kati, lamba ɗari huɗu da shida.
Ni na jawo fulas daga ƙarƙashin tebur,
kofi ɗaya gare mu a tantin nan, baki a ɓalgace.
Na sha, na cika, na miƙa.

Hannunsa na rawa.
Kaɗan ya zube a yashi.
Sauran ya shanye.